Injiniya Bato da Babur ɗin Babansa

A wani ƙauye da ke gefen hanyar Godogodo, in an baro Kafanchan, akwai wani mutum mai suna Bartholomew. Uwarsa tana ce masa Bato, matarsa Hellen tana ce masa Baban Ƙauna, shi kuma yana ce wa kansa Injiniya. Ba wata makaranta da ta ba shi wannan suna. Gadi ya taɓa yi a ƙofar wani gareji a Kaduna, yana buɗe wa motoci suna shiga suna fita, ya dawo gida da shuɗiyar rigar makanikai da baki cike da labari. Tun daga nan ba abin da zai lalace a ƙauyen bai ce ya san ciwonsa ba. Rediyon Fasto da ya gyara bai sake magana ba. Injin niƙan da ya leƙa cikinsa kuwa, sai da mata suka koma turmi har ƙarshen damina.

Uwarsa, Mama Lai'atu, tsohuwa ce da ba ta ɗaukar wargi. Duk shekara bayan girbi ikilisiyarsu kan yi sujadar godiya. A kira gida gida, kowane gida su taso daga bakin ƙofa da rawa, ɗauke da doya da dawa da citta da kaji, su ajiye a gaban bagadi, Fasto ya sa albarka. Bayan an tashi a yi gwanjon kayan a waje, abin da aka samu ya shiga aikin majami'a. Ƙa'idar ɗaya ce: duk abin da ya kai gaban bagadi ya zama na Ubangiji, shi da mazubinsa. Ba wanda ya naɗa Mama Lai'atu mai tsaron wannan ƙa'ida, ita ta naɗa kanta. Ita ce ta tare wata amarya da ta kawo gyaɗa a sabon baho ta juye tana shirin komawa da bahonta. Amarya ta yi kuka, baho ya tafi gwanjo. Kuma daidai ne, don wanda ya ba Allah abu ba ya tsayawa yana zaɓen abin da zai rage.

A bayan gidan akwai wani ƙaramin ɗaki, a cikinsa akwai babur. Na marigayi Asher ne, mijin Mama Lai'atu, ma'aikacin reluwe, wanda ya saye shi da kuɗin ƙarin albashin Udoji. A kansa yake zuwa wa'azi ƙauyuka ranar Lahadi, a bayansa kuma ita take zuwa sujada, a zaune a karkace, tana riƙe da Littafi Mai Tsarki. Tun rasuwarsa babur bai motsa ba. Kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa, ita kuma kowace Kirsimeti ta shiga ta goge mazaunin da gefen zaninta ta fito. Duk abin da Asher ya bari ya ƙare ko an raba, wannan kaɗai ya rage.

To, wata rana Bato ya ga wani Bature a cikin wayarsa yana ɗauko tsofaffin babura masu tsatsa yana mayar da su sababbi. Kafin yamma ya sanar a gindin mangwaro cewa irin babur ɗin babansa yanzu ya fi mota tsada, kuma shi zai tashe shi. Maƙwabcinsa Abednego, mai kiwon aladu, ya tambaye shi ko zai fara tashin rediyon Fasto tukuna. Bato ya ce rediyo aikin yara ne.

Sai da ya yi ta naci kafin uwarsa ta saurare shi. Da ta gaji ta kira shi ta zaunar.

"In ka taɓa shi, ka tashe shi," in ji ta. "Ina so in je sujadar godiya a bayansa, kamar yadda ubanka yake kai ni. In ba za ka iya ba, ka bar mini abina da ƙurarsa."

Bato ya ɗaga hannu zai rantse, ta ce ya sauke, ba a rantsuwa a gidanta. Sai ya bugi ƙirji a maimakon haka.

"Mama, ranar godiya duk garin nan sai ya ji ƙarar mashin ɗin nan. Har wanda yake gona."

Washegari ya tashi fito da babur, ƙofa ta yi kaɗan, don an sake ginin ɗakin bayan an shigar da shi. Bato bai tsaya shawara ba, ya fasa gefen bango. Kaji suka watse, ƙwai ya fashe a takalminsa. Kafin rana ta take ya kwance babur kaf a tsakar gida, dab da ledar da Hellen ta shanya cittarta ta sayarwa. Baturen cikin waya yakan ɗauki hoton kowane ƙarfe kafin ya cire shi. Bato ya ce wannan dabarar masu ƙaramin kai ce, shi komai yana cikin kansa. Ya tara notuna da kusoshi, bai raba su bisa inda suka fito ba, sai bisa girmansu: manya a kwanon miya, matsakaita a tukunyar kunu, ƙanana a kofin shayin Hellen.

Hellen ta dawo daga rafi ta ce masa kwanon nan na miya ne, ba na gareji ba. Ya ce mata ta yi haƙuri, nan gaba kaɗan a kwanon tangaran za ta riƙa zuba miya. Ta ce ita dai a bar mata na yau.

Tankin mai ya cika da tsatsa. Bature ya nuna a zuba ƙananan ƙarafa a ciki a girgiza har tsatsar ta saki. Bato ya waiga neman ƙarafa, ya ga kwanuka cike da su. Ya juye duk notunan da ya wuni yana rabawa a cikin tanki, ya ƙara ruwa da kananzir, ya toshe bakin da totuwar masara, ya rungume shi yana girgizawa.

Ranar kuwa Zumuntar Mata suke da koyon waƙa a gidan, sun biyo daga gaisuwar wata mai jego, kowace sanye da ankon zumunta da farar riga. Suka zauna suka fara buga tulu da kacau-kacau. Bato ya lura in ya bi kiɗan hannunsa ba ya gajiya. Ya matso. Ya ƙara matsowa. Wata ta ce ashe Injiniya ya iya kiɗa, wannan magana kuwa ita ta gama da shi. Ya ɗaga tanki sama da kansa, ya juya, ya durƙusa, ya miƙe da ƙarfi. Totuwa ta yi tsalle. Jan ruwan tsatsa ya yi feshi tun daga ɗankwalin shugabarsu, Mama Rosemary, har zuwa zanin ta ƙarshe, notuna kuma suka yi ruwa a kan cittar Hellen.

Mama Rosemary ta dubi rigarta, ta dube shi, ta ce tun da take ba a taɓa yi mata baftisma sau biyu ba sai yau. Bato ya ce su duba dai yawan tsatsar da ta fita, aikin ya yi kyau ke nan. Ba wadda ta duba. Sun tafi ba a yi addu'ar rufewa ba.

Aka tsince notunan da aka gani. Waɗanda ba a gani ba suka bi citta cikin buhu zuwa kasuwar Kafanchan. Mai saye ya zura hannu ya shinshina, ya tambayi Hellen ko citta ce wannan ko fitila. Ya sake zurawa ya fito da noti, ya ce ya san masu zuba tsakuwa don ƙara nauyi, amma masu zuba ƙarfe yau ya fara gani. Hellen ta dawo da buhunta ta dire a ƙofar ɗaki, ta ce tunda ba mai saye, Baban Ƙauna zai sha ta a kunu har wata shekara. Tun daga ranar in ya yi gyatsa mutane kan matsar da ashana.

Wani mai hankali da nan zai tsaya. Bato ya wuce kan kafireto, wato abin da ke haɗa mai da iska ya ba inji. Bature ya jiƙa nasa a wani ruwa mai tsami. Bato bai sami irinsa ba, sai ya ce ai ba abin da ya kai burkutun da ya kwana tsami. Da rana tsaka, cikin shuɗiyar rigarsa, ya ɗauki jarka ya nufi gidan da ake dafawa a ƙarshen gari, shi da yake tsayawa a ƙofar majami'a yana nuna wa mutane wurin zama. Kafin ya dawo labari ya riga shi gida.

Dattawan ikilisiya suka kira shi. Ya yi musu bayani da hannuwa da sunayen ƙarafa. Dattijo Christopher, wanda shi ne kuma mai gwanjon godiya, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ya ji uzuri iri iri a kan wannan abin sha: wani ciwon ciki, wani sanyi, wani baƙo ne ya matsa masa. Amma a ce mashin ne yake sha, wannan sabo ne. Aka sallame shi da gargaɗi.

A gida uwarsa ba ta ɗaga murya ba.

"Ubanka bai taɓa tsayar da babur ɗin nan a ƙofar gidan giya ba," in ji ta. "Kai ka kawo masa ita har gida."

Ya ce kwana ɗaya kawai zai jiƙa. Ya kwance kafireto ya zuba ƙananan ƙarafansa a baho, ya juye burkutu a kai, ya ajiye a bayan ɗaki, daidai inda ya fasa bango. Da gari ya waye baho a bushe yake, an lashe shi tas. Gefensa kuma ƙaton aladen Abednego ne kwance yana minshari, fuskarsa cike da kwanciyar hankali. Manyan ƙarafan suna nan. Ƙananan, masu ruwan tagulla, ba ko ɗaya.

Bato ya je ya ce wa Abednego aladensa ɓarawo ne. Abednego ya ce aladensa ɗan gidan kirki ne, bai taɓa sanin giya ba sai da ya yi maƙwabtaka da Injiniya. Suka yi ta yi har mutane suka taru. A ƙarshe Bato ya ce ba komai, abin da ya shiga zai fito. Ya ɗauki rariyar Hellen da sanda ya shiga bin alade. Alade ya je bola, yana baya. Ya je fadama, yana baya. Masu wucewa suna yi masa sannu da kiwo, wasu suna tambaya ko an samu. Abin kunya ne babba ga magidanci mai 'ya a makarantar sakandare, amma shi ya ce bincike yake yi.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar aladu a Kafanchan, ya fito da rariyarsa ya tarar da turke ba kowa.

"Ina aladen?" ya tambayi Abednego.

"Ya tafi kasuwa, Oga Injiniya. Tun da ya sha abinka ba ya jin magana. 'Yan kudu sun saya, yanzu haka yana cikin mota."

"Da kayana a cikinsa?"

"Ai ka gode. Mashin ɗin babanka bai taɓa wuce Samaru Kataf ba, yau ga rabinsa zai ga teku."

Hellen ta ƙi karɓar rariyar. Ta ce ya ajiye ta cikin kayan aikinsa.

Bato bai karaya ba, irinsu ba sa karaya. Ya cire kafireton janaretan gida ya ɗaura wa babur da robar tsohon tiyub, gida ya koma fitilar hannu. Da ya zo mayar da sauran kaya sai ya ga abin da ke cikin kansa ya zube. Wannan noti ya ƙi wannan kusa, wancan ƙarfe ba a san gabansa da bayansa ba. Inda noti ya ɓata ya ɗaure da waya. Inda rami ya yi faɗi ya cusa itace. Da ya gama, ƙarafa cike da baho suka rage ba su sami wurin zama ba. Abednego ya leƙo ta katanga ya tambaya ko na babur na biyu ne. Bato ya ce Turawa ne suke cika inji da tarkace don ya yi nauyi su sayar da tsada, shi ya rage masa kaya.

Sai fenti. A nan kam ya saki hannu. Ya shafa shuɗi mai ƙyalli a tanki, ya shafa a sarƙa, ya shafa a fulogi, har tayoyin da suka tsattsage don tsufa ya bi su da baƙi suka yi sheƙi. A gefen tanki ya rubuta Injiniya da farin fenti. Gaskiya daga nesa babur ya yi kyau. Mama Lai'atu ta fito ta tsaya tana kallonsa, sannan ta kai gefen zaninta ta goge mazaunin.

Ranar gwaji ya zuba fetur ya hau buga kik. Ya buga har silifas ɗinsa ya tsinke. Ya sake wani ya ci gaba. Can sai babur ya yi wata ƙara guda ɗaya kamar bindiga, baƙin hayaƙi ya fito ta inda ba nan ne hanyarsa ba, sauran aladun Abednego suka fasa turke suka shiga gonar rogo. Daga nan shiru. Bato ya zagaye gari yana cewa inji ya yi magana. A gindin mangwaro, a gaban Dattijo Christopher, ya ce yanzu ko an ajiye masa sabuwar mota ba zai ba da babur ɗin nan ba sai an yi ciko. Da uwarsa ta tambaya me ya sa ba ta sake jin ƙarar ba, ya ce yana tattalin injin ne don babbar rana.

Ranar godiya ta zo. Mama Lai'atu ta fito da zanin da ta adana tun zamanin Asher, ta riƙe Littafinta, ta zauna a bayan babur a karkace. Bato ya ɗaure kayan baikon gidan, wato abin da za su kai gaban bagadi, a kan tanki da gaban babur, doya da ƙullin dawa da zakara, ya tamke su da roba tam don kada gudu ya zubar da su. Ya hau ya buga kik.

Mutane suna wucewa zuwa sujada suna gaishe su. Ya buga. Wasu suka ce sai sun iso. Ya buga har gumi ya jiƙe rigar bikinsa, zakara yana kallonsa. Daga majami'a aka ji an buga ƙararrawa, wani tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye a bishiya, wanda ya daɗe da tsagewa, ƙararsa kamar an bugi fasasshiyar tukunya. Mama Lai'atu ta sauka a hankali ta gyara zaninta.

"Kafin in san ubanka da ƙafa nake zuwa sujada," in ji ta. "Ban manta hanya ba."

Ta yi gaba, Hellen ta bi ta. Bato ya bi su yana tura babur, yana cewa akwai ɗan gangare kusa da majami'a, a can zai tashi. Suka zo gangare ya ruga da shi ya haye ya saki, babur ya yi tari ya tsaya. Haka ya iso ƙofa yana haki, daidai lokacin da ake kiran gidan marigayi Asher.

Abednego da wasu maza suna tsaye a bakin ƙofa. Abednego ya ce a gaskiya babur ɗin nan ba ya damun mutane da ƙara, irin na zamani ne. Ya ce masa ya jingine shi a bishiya ya kwance doya ya shiga. Bato ya ja roba, ƙullin ya ƙi. Ya leƙa ciki ya ga majami'a cike maƙil, har da baƙi daga Kafanchan masu manyan riguna, ba kuma wanda ya ga fentin nan a cikinsu. Sai wata dabara ta faɗo masa. Tunda ba su ji ba, ai sa gani.

Ya kama babur ya tura shi cikin majami'a yana rawa.

Mata suka ɗauki guɗa. Masu ganga suka ƙara wuta. Mutane suka miƙe tsaye suna leƙe, wasu suna ɗaga hannu sama. Bato ya ɗauka aikin hannunsa ake yabo, ya riƙa juya kan babur hagu da dama don kowa ya karanta rubutun tanki. Hellen ta kama gefen rigarsa tana ja da ƙarfi, ya ɗauka salon rawa ne, ya juyo ya yi mata murmushi. Mama Lai'atu tana biye a baya, fuskarta ba ta motsi. Haka suka kai gaban bagadi.

Fasto ya ɗora hannu a kan babur ya yi doguwar addu'a. Ya tuna da Asher da ƙauyukan da ya kai wa bishara. Ya gode wa Ubangiji don ɗan da bai riƙe abu mafi daraja a gidansu ba, ya kawo shi da farin ciki. Bato bai ji ko kalma ɗaya ba, yana can yana duban fuskokin baƙi. Da aka ce amin tasa ta fi ta kowa ƙarfi. Sannan ya sami wuƙa a wurin wani ya yanke roba, ya sauke doya da dawa da zakara, ya juya kan babur zai fita.

Ya ji kan ya ƙi juyawa. Hannun uwarsa ne a kai.

"Ina za ka da kayan Ubangiji?"

"Mama, doya na kawo. Mashin ɗin dako kawai ya yi."

"Bahon amarya ma dako ya yi."

Amaryar nan, wadda yanzu har ta yi 'ya'ya, ta gyara zama don ta gani da kyau. Bato ya rage murya ya ce wa uwarsa ta tuna fa na Baba ne, shi kaɗai ya rage. Ta ce ta fi shi sani. Idonta ya kawo ruwa, amma hannunta bai sauka ba sai da shi ya saki. Ta koma wurin zamanta ta buɗe Littafinta.

Bayan sujada aka fitar da kaya gindin bishiya. Dattijo Christopher ya sayar da doya, ya sayar da dawa, zakara ma ya sami mai shi. Aka zo kan babur. Hellen ta matso kusa da mijinta ta raɗa masa cewa hanya ɗaya ta rage: ba wanda zai taya wannan abu da tsada, ya bari a sa masa kuɗin tsohon ƙarfe, ita za ta fanshe wa Mama shi da ɗan abin da ke bakin zaninta. Bato ya gyaɗa kai. Dabara ce mai kyau, kuma da ta yi aiki.

Sai Dattijo Christopher ya ɗaga murya ya ce shi bai san farashin irin wannan kaya ba, amma Allah ya sa akwai masani a cikinsu.

"Injiniya, kai ka gyara shi da hannunka. Faɗa wa jama'a gaskiya, daga ina za mu fara?"

Duk ido ya dawo kansa, har na baƙin Kafanchan. Bato ya dubi uwarsa. Ya dubi Hellen, tana girgiza masa kai. Ya dubi Abednego, wanda ya riga ya fara dariya. Abin da ake bukata kawai ya ce babur ɗin bai tashi ba, ƙarfe ne da fenti. Ya buɗe baki da niyyar faɗin haka, Allah ne shaida. Amma bakin da aka daɗe ana sakar wa linzami ba ya juyuwa rana ɗaya.

"Kuɗin sabuwar mota," in ji shi. "Da ciko."

Hellen ta kwance ɗankwalinta ta rufe fuska.

Christopher ya kira farashin, ba wanda ya ɗaga hannu. Ya sake kira. Abednego ya ce shi zai taya in an dawo da rabin da ya tafi kudu. Da aka ga ba mai saye, dattawa suka ce tunda kaya mai daraja ne haka ba za a karyar da shi ba, ya zama na ikilisiya, a kai shi ɗakin ajiya. Maza suka kama gaba da baya suka ɗaga don su hau da shi matakala.

A nan waya da itace suka ce sun gaji. Gaba ya tafi da masu gaba, baya ya tsaya a hannun masu baya, inji ya faɗo tsakiya ya zauna a ƙasa. Salansa, wato bututun hayaƙi, ta yi gefe guda. Tayar baya ta zame ta gangara tsakanin ƙafafun mutane, robarta da ta ruɓe ta yage ta faɗi, ƙarfen ya ci gaba shi kaɗai har ya daki dutsen da ke gindin bishiya. Sai ya ba da wata ƙara siririya mai daɗi, ta daɗe tana yawo a iska kafin ta mutu.

Dariyar da ta fara tashi ta tsaya. Fasto ya dubi ƙarfen, ya ɗaga kai ya dubi tsagaggiyar ƙararrawar da ke rataye. Dattawa ma suka duba.

Kafin mako ya zagayo an cire wa ƙarfen wayoyinsa an rataye shi a bishiya. Da aka zo neman wanda zai riƙa buga shi don addu'ar safe, Mama Lai'atu ta miƙe ta ce a ba ɗanta, tunda shi ya yi alkawarin ƙara. Ba wanda ya yi musu. Bato, wanda a da rana ke tashinsa, yanzu kowace asuba yana gindin bishiya cikin shuɗiyar riga, da sifana a hannu, da ita yake bugawa. Aikin da sifanar ta fi iyawa ke nan a hannunsa.

Wata safiya Abednego ya biyo zai tafi gona ya tsaya ya tambaye shi yaya mashin. Bato ya ƙara wa ƙarfen bugu ɗaya, ya jira ƙarar ta gama ratsa gari, sannan ya juyo.

"Na ce duk garin nan zai ji ƙararsa ko ban ce ba? Har wanda yake gona. Je ka gonar ka saurara."

Mama Lai'atu tana tafe a ƙafa da Littafinta, ta ji shi sarai. Ta tsaya ta kai gefen zaninta ta goge ƙarfen, ta ce masa ya rage surutu ya shiga ciki, an fara addu'a.